Allin Tela a Kan Ƙofofin Malama

Babana ya shekara ashirin yana shafa wa ƙofofin mutane fenti, sannan ya shekara talatin yana kankare shi. In aka tambaye shi dalili sai ya ce tuba ya yi. A layinmu ba wanda ya san shi da wani suna in ba Mai Ƙofa ba. Har mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, in ya ɓata mata rai haka take kiransa, ta ja ƙarshen sunan kamar za ta tsinka shi.

Rumfarsa tana jikin shagon ɗinkina, bango ɗaya muka haɗa. Rufin kwano ne, gefe biyu a buɗe, da dogayen benci guda biyu da yake kwantar da ƙofa a kansu. Sai ya kunna wutar gas, ya riƙa haska fentin har ya kumbura ya yi ƙuraje, sannan ya bi shi da faffaɗan ƙarfe yana kankarewa. In ya zo lungunan da aka yi wa ado, sai ya ajiye ƙarfen ya ɗauko wani tsohon cokali da ya wasa bakinsa, cokalin mahaifiyarmu ne kuma, ta rasu tana cigiyarsa. Bayan nan ya wanke ƙofar da ruwan soda, ya jingine ta a inuwa kwana uku, ya goge ta da samfefa, ya shafa mata man katako. Fenti bakwai na taɓa ƙirgawa a jikin ƙofa ɗaya: fari, kore, wani koren, ruwan ƙasa, har da wani shuɗi mai ciwon ido. Baba ya daɗe yana kallon shuɗin nan, ya ce, "Wannan hannuna ne. Allah ya yafe mini."

Doka ɗaya gare shi da ba ya karyawa. Ba ya rage tsohuwar ƙofa don ta shiga firam. Yakan ce ƙofa da firam ɗinta tare suke tsufa, tare suke karkacewa, in ka ga ta ƙi shiga to ba wurinta ba ne ka kai ta. Saboda haka duk gidan da ya je ciro ƙofofi, kafin ya sauke kowace sai ya hau kujera ya yanka mata lamba da wuƙa a can saman kanta, inda fenti ba ya kaiwa, ya yanka irinta a jikin firam.

Ni ce autarsa. Na haura arba'in, ina da 'ya'ya uku da ciwon baya, amma har yau Auta yake ce mini, in kuma ya ga na ɗaure fuska ya ƙara da tambayar wa ya taɓa masa jaririya. Babban yayanmu kuwa Manaja yake kiransa, tun yana aji uku na firamare yana tsara mana wanda zai yi shara da wanda zai ɗebo ruwa. Allah kuwa ya amsa, yanzu manajan ne a wani kamfani, gidansa hawa na huɗu, ƙofofinsa duk na ƙarfe.

Idon Baba ya fara rauni shekara uku da suka wuce. Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a riƙa ɗiga magani don a riƙe saura. Baba ya ɓoye abin iya ƙarfinsa, har ranar da hannun rigarsa ya kama da wuta bai gani ba. Ƙauri na ji daga shago. Na fito da gudu na danne wutar da abin da ke hannuna, ashe yadin wata mata ne da na gama yankawa. Bai ƙone sosai ba, amma ni na yi kwana biyu ban iya zura zare a allura ba.

Yaya ya zo washegari da safe, ko zama bai yi ba.

"Baba, aikin nan ya isa haka. Na gyara maka ɗaki, ga fanka, ga talabijin. Ka zo ka huta."

Baba ya ce, "In huta daga me? Kai, Manaja, mutumin da ba ya ganin hannun rigarsa shi za ka ajiye gaban talabijin?"

"Wallahi ba wasa nake ba, Baba. In ka ƙone me zan ce wa mutane? Me zan ce wa kaina?"

Na so in goyi bayan Baba, amma ƙaurin rigar nan yana cikin hancina. Na kuma san in aka hau da shi hawa na huɗun nan, aka rufe masa ƙofar ƙarfe, ba zai shekara ba. Na tsaya tsakaninsu kamar gunki, kowa na ba shi gaskiya, kuma ina jin haushin su biyun.

Baba ne ya yanke maganar. Ya ce ya riga ya karɓi aikin wata tsohuwar shugabar makaranta da kowa ke kira Malama, ƙofofi tara na gidan da ta shekara hamsin a ciki. A bar shi ya gama. Ranar mayar da su Yaya ya zo da kansa ya gani. In aikin ya ɓaci, shi da hannunsa zai miƙa makullin akwatin kayan aikinsa ya bi shi. Yaya ya ce ya yarda, amma da sharaɗin duk lokacin da za a kunna gas ina tsaye a wurin.

Ranar da muka je ciro ƙofofin, Malama ta tarbe mu da tabarau a kan hanci, tana duban takalmanmu kamar mun makara zuwa aji. Gida ne mai hawa biyu, ƙofofi biyar a ƙasa, huɗu a sama, duk girmansu ɗaya, duk an yi musu farin fenti mai kauri. Ta ce jikokinta sun ce a cire su a sa na zamani, ita kuma ta ce sai dai bayan ranta. Baba ya ɗauko wuƙarsa, ya dafa kujera zai hau, sai ya tsaya. Ya juya wuƙar a hannunsa sau biyu ya mayar aljihu.

Ya ce, "Auta, yau ke za ki sa lamba. Gwiwata ba ta son kujera."

Na ji daɗi har cikin raina, don bai taɓa ba ni wani abu a aikinsa ba in ba riƙe masa ƙofa ba. Na zaro allin ɗinki daga jakata. Na bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya na rubuta musu lamba manya-manya a tsakiyar fuska, inda ko daga nesa za a gani, na rubuta irinta a bango kusa da kowane firam. Haka muke yi a ɗinki, a kan yadi kake sa alama, a inda idonka zai faɗa. Har da ja layi na yi a ƙarƙashin shida da tara don kar su rikice. Ina ta yabon kaina.

Sati uku muna aikin. Ina tsaye da bokitin ruwa duk sanda wuta ke ci, yana ta yi mini tsiya wai ya samu 'yar kwana-kwana kyauta. Farin fentin ya tafi, ruwan toka ya bayyana, shi ma ya tafi, sai ga katako ja mai duhu, mai zane kamar igiyar ruwa. Na ga lambobina suna narkewa tare da fentin, da idona na gani, amma wallahi ko sau ɗaya kaina bai kawo komai ba. Sai da saura kwana biyu a mayar da su, ƙofofin tara suna jingine a jere suna sheƙi, Baba ya ce in duba masa wace ce ta ɗaya. Na duba, babu lamba ko ɗaya a jikinsu.

"Baba," na ce, "a kan fentin na rubuta."

Ya miƙa hannu ya shafa saman ƙofar da ke kusa da shi, sumul, ba yanka ko ɗaya. Sai na fashe da kuka, mace da 'ya'yanta, a gaban masu wucewa. Na ce zan kira Yaya in gaya masa laifina ne, ba na idon Baba ba.

Ya ce, "Zauna, Auta. Laifin idona ne mana. Gwiwata lafiyarta lau. Bakin wuƙar ne ban iya gani, na ji kunyar in faɗa miki. Da na faɗa, da na nuna miki inda ake yankawa."

Wannan ya fi komai yi mini ciwo, don ban taɓa jin Baba ya ce ya ji kunyar wani abu ba. Na ce to mu riƙa gwada kowace ƙofa a kowane firam har a dace. Ya ce ƙofofin nan kowace sai ƙarti biyu, kuma in aka yi ta ɗaura su ana kwancewa ramukan sukurori za su buɗe, su daina riƙewa. Ya tashi ya ce in taya shi mu ja ta farko bakin rana.

Abin da na gani ranar nan ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da muka yi bango ɗaya. Ya bar ƙofar ta sha rana kaɗan, ya kai hancinsa jikinta, ya ce ta kicin ce, hayaƙi da mai sun shige ta, soda bai isa ya fitar ba. Na sunsuna, man katako kawai na ji. Wata ya bi gindinta da yatsa ya ce ta banɗaki ce, ruwa ya sa ƙasanta ya yi laushi. Wata ya sami ramuka huɗu da ya toshe da garin katako da gam, inda aka taɓa kafa mariƙin kwaɗo, ga kuma wurin da ɓera ya ci a kusurwa, ya ce ta sito ce. Wadda fuskarta ɗaya ta yi tsage-tsage ya ce ita ce ƙofar baya mai kallon waje, rana ce ta dafa ta. Da ya zo kan wata sai ya yi dariya, ya kama hannuna ya ɗora a ƙasa-ƙasa, na ji wurin ya lotsa.

Ya ce, "Ɗakin yara. Da ƙafa suke buɗewa, kamar wasu da na sani."

Kowace ya faɗa sai in yanka mata alama a saman kai da wuƙarsa, yana riƙe da yatsana yana nuna mini zurfin da ya kamata. Bakwai muka samu haka. Biyu suka rage, ya shafa su ya sake shafawa, ya ce a bari sai mun je gidan.

Ranar mayarwa Yaya ya zo da motar ɗaukar kaya da ƙarti biyu, yana sanye da farar riga kamar mai zuwa taro. Kafin a ɗora ƙofar farko a mota Baba ya kira shi gefe, amma da ƙarfi ya yi maganar, kowa ya ji.

"Manaja, gara ka ji daga bakina. Ban sa musu lamba ba, don ban iya ganin wuƙa. Da hannu na gane su. In na yi kuskure za ka gani."

Yaya ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya buɗe wa Baba ƙofar mota.

Ta kicin ta shiga kamar ba a taɓa cire ta ba. Ta sito ma haka, da ƙofar baya. Na fara numfashi. Sai ta banɗakin ƙasa ta ƙi rufuwa, ta cije daga sama. Ɗaya daga cikin ƙartin ya ce ai abu kaɗan ne, a ɗan rage ta. Baba ya ce in ya taɓa ta sai ya rage masa kunne. Ya shafa firam ɗin, ya yi tsaki, ya ce shi ne ya ruɗe, wannan ta banɗakin sama ce, a musanya. Aka sauke, aka hau da ita, aka sauko da 'yar'uwarta, duk suka zauna daidai. Amma kuskure dai an yi shi, kuma Yaya yana tsaye ya gani. Na saci kallon fuskarsa ban karanci komai ba.

Biyun ƙarshe na ɗakin Malama ne da na marigayi mijinta, suna kallon juna a sama. Ƙartin sun gaji sun sauka shan ruwa, sai Yaya ya tallabi ɗaya da kansa, man katako ya yi wa farar rigar taswira. Baba ya durƙusa ya bi gefen ƙofar da tafin hannu, daidai tsayin gwiwa, ya ɗago kai wajen da yake jin motsin Malama.

"Malama, ki yi haƙuri da tambaya. Akwai wanda ya yi zama a keken marasa lafiya a gidan nan?"

Malama ta cire tabarau. Ta ce maigidanta ne, shekara huɗu kafin ya rasu. Ta ce ba ya yarda a tura shi, shi yake tuƙa kansa, kuma kullum sai ƙarfen keken ya gogi ƙofar in zai shiga, ta yi ta yi masa faɗa yana dariya. Bayan rasuwarsa ta sa aka cike wurin aka shafe da fenti, don ba ta iya kallonsa.

Baba ya ce, "Na same shi a ƙarƙashin fentin. Ban cike ba, don ban san na wane ne ba. In kina so yanzu zan toshe shi, ba zai ɗauki lokaci ba."

Ta sunkuya da ƙyar ta sa yatsunta a cikin gurbin, ta bi shi daga farko har ƙarshe. Tsohuwar da ta sa muka goge takalmi sau biyu kafin mu shigo, sai ga hawaye yana bin fuskarta, ba ta ko share ba.

Ta ce, "Bar shi, Mai Ƙofa. Yanzu ina so in gan shi."

Aka ɗaura ƙofar, Yaya yana tallabe da ita a kan takalminsa, ni ina ɗaure sukurori, Baba yana gaya mini inda zan tsaya. Malama ta tura ta da yatsa ɗaya, ta tafi a hankali ta rufe kanta.

Da muka dawo rumfa Baba ya shiga ya jawo tukunyar gas ɗin har gaban motar, ya ce wa Yaya ya tafi da ita, wuta kam ya yarda ta fi ƙarfinsa, soda da ƙarfe za su ishe shi ko da aikin zai riƙa ɗaukar wata guda. Sannan ya zaro makullin akwatin ya miƙa masa, ya ce alkawari alkawari ne, ya yi kuskure ɗaya, Manaja ne zai yanke ko aikin ya ɓaci. Yaya ya karɓi makullin ya sa a aljihu, ya ɗora tukunyar a mota, ya tafi.

Kwana shida ba mu ji daga gare shi ba. Baba yakan fito da safe ya zauna a kan benci, ya share rumfar da ba ta da datti, ya koma ya zauna. Na kira Yaya sau uku bai ɗauka ba, na yi masa saƙon da har yau ina jin kunyarsa. Na fara ninke wa Baba kayansa a ɓoye, ina ninkewa ina zagin allin ɗinki da wanda ya ƙirƙiro shi.

Rana ta bakwai da hantsi sai ga motar Yaya, an ɗaure wata ƙofa a samanta da igiya, kore shar, fentin yana ɓarewa. Shi kaɗai ya kwance ta, ya shigo da ita yana haki, ya kwantar a kan benci. Ya ce a wurin masu rusa gidaje ya saya, sun tabbatar masa ta fi shekara ɗari, yana so a gyara masa ya sa a ofis. Yana maganar yana kallon rufin kwano. Sannan ya ajiye makullin a kan ƙofar, ya ɗan tura shi har ya taɓa hannun Baba.

Baba ya ɗauki makullin ya sa a aljihu. Ya ƙwanƙwasa ƙofar da bayan yatsa, sama da ƙasa, ya kasa kunne.

"Manaja, wa ya cuce ka? Wannan ai siririn katakon filawud ne aka manna a kan kwali. Ko shekara goma ba ta yi ba."

Yaya ya ce, "To, a jefar ke nan?"

"Wa ya ce a jefar? Za a yi ta. Amma irin wannan sai a hankali, kuma ba na taɓa ta sai mai ita yana wurin. Ka riƙa zuwa duk ƙarshen mako."

"Har tsawon wane lokaci, Baba?"

"Ina na sani? Cire agogon nan ka naɗe hannun riga. Auta, ba yayanki cokali."